Yadda ake gyara da liƙe mahaɗin tiyon iska na na'urar sanyaya gida

Shekara biyu ke nan, a tsakiyar watan Afirilu, lokacin da zafin Yamai yake haura digiri 40 tun kafin azahar, ɗakin mahaifiyata ya daina yin sanyi, alhali falo da sauran ɗakuna biyu da suke shan iska daga inji ɗaya suna nan yadda aka saba. Mai gyaran da na fara kira ko tsani bai nema ba. Ya duba injin waje, ya ce gaz ne ya ragu, ya ƙara, na biya shi, tsohuwa kuwa ta ci gaba da kwana da mafici a hannu. Wani dattijo maƙwabcinmu da ya daɗe a sana'ar firiji da kilim, wato na'urar sanyaya ɗaki, ne ya ji labarin bayan sallar la'asar, ya ce mini: "Ɗana, injin da ya sanyaya ɗaki uku ba zai ƙi na huɗu don ƙarancin gaz ba. Gobe da asuba ka tanadi tsani." Na ce, "To, Baba." Da muka leƙa cikin silin, wato filafon kamar yadda muka fi faɗa a nan, sai ga tiyon da ke kai iska ɗakin ya saɓule daga wuyan ƙarfen da aka sa shi, yana kwance yana hura sanyi wa kwanon rufi. Abin da aka riƙe shi da shi tun farko sikoc ne irin na ɗaure kwali, kuma zafi ya riga ya mayar da shi kamar busasshen ganye.

Mai kilim irin na manne a bango ba shi da wannan matsala, domin nasa ba shi da tiyon iska. Bayanin ya shafi gidajen da aka ɓoye injin cikin filafon aka rarraba iskarsa zuwa ɗakuna ta tiyo mai lanƙwasa, wanda masu sana'ar suke kira "gen" da Faransanci, da masu na'urar sanyaya iska da ruwa wadda ake girkawa a waje tana huro iska ciki, da masu ƙaramin kilim mai taya da ke fitar da zafinsa ta taga. Injin da ke iya juyawa ya ba da ɗumi a darare masu sanyi na Disamba da Janairu, kamar yadda ake buƙata a Tawa wani lokaci, ta wannan tiyon yake aiki, don haka gyaran ɗaya ne. Asarar kuma ba ƙarama ba ce: shirin Energy Star na gwamnatin Amurka ya ƙiyasta cewa a gida na yau da kullum kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari na iskar da ke bin bututu tana zurarewa ta huji da mahaɗin da bai kamu ba. Wannan iska ce da aka riga aka biya kamfanin lantarki na NIGELEC kuɗin sanyaya ta.

Abin da ke cikin tiyon

Wanda bai san yadda aka yi tiyon ba ba zai haɗa shi daidai ba. Hawa uku ne. A can ciki akwai abin da zan kira hanji, wato siririyar leda ko takardar alminiyam da aka naɗa a kan wayar ƙarfe mai zagaye, kuma a cikinsa kaɗai iska take gudu. A kansa akwai audugar gilashi mai kaurin milimita 25 ko 50, wadda ke hana zafin filafon shiga. A waje kuma akwai riga mai ƙyalli, aikinta ta tsare audugar daga laima. A kowane ƙarshe hanjin yana hawa kan wani gajeren wuyan ƙarfe, ɗaya a jikin akwatin da ke bakin inji, ɗaya a bayan tagar iska ta ɗaki, kuma wuya mai kyau yana da wani ɗan tudu da ya zagaye shi kamar zobe.

Kowane mahaɗi yana buƙatar abubuwa uku dabam-dabam: ɗauri da zai riƙe nauyi, liƙi da zai hana iska fita, da rufi da zai hana zafi da laima shiga. Kusan duk mahaɗin da na taɓa gani ya lalace, an ɗora wa abu ɗaya ne waɗannan ayyuka uku, galibi sikoc, ko kuma an haɗa hanji da auduga da riga an shaƙe su da waya ɗaya a lokaci guda. Daga waje sai a ga aikin ya yi tsaf, a ciki kuwa hanjin bai kama komai ba.

Gano inda iskar take fita

Tun daga ƙasa akwai alamu. Ɗaki ɗaya ya fi sauran zafi, ko iskar tagarsa ta yi rauni, ko ana jin wani siririn fito a filafon idan inji ya tashi. Idan ƙura ta yi yawa a ɗaki duk da an rufe tagogi lokacin hunturu, sai a zargi tiyon da ke mayar da iska zuwa inji, domin hujin da ke wannan ɓangare tsotsa yake yi, yana jawo ƙurar filafon da warin ɓera ya watso su cikin gida. Da damina kuma, musamman a Agusta, tabon ruwa kan fito a filafon kusa da tagar iska, mutane su ɗauka rufi ne ke yoyo su kira mai kwano. Sau da yawa zufa ce: iskar da ke cikin tiyon ba ta wuce digiri 12 zuwa 15 ba, idan iskar damina mai laima ta taɓa wuyan ƙarfen da aka bari tsirara sai ruwa ya taru a kansa, kamar yadda yake taruwa a jikin kwalbar da aka fitar daga firiji.

A sama, ana barin inji yana aiki a bi tiyon da bayan hannu daga akwati har tagar ɗaki. Bayan hannu da aka ɗan jiƙa ya fi jin sanyi. Siririn zare ko ɗan yankin leda da aka riƙe kusa da mahaɗi zai karkata waje idan iska na fita, ya manne idan tsotsa ake. Wasu suna gwadawa da hayaƙin turaren tsinke, amma ni ban yarda a hau filafon da wuta ba komai ƙanƙantarta, wurin cike yake da busasshen katako da ƙura da wayoyi. Baƙin layi a jikin auduga shi ma shaida ne, domin audugar tana tace ƙurar iskar da ke ratsa ta. Duk inda aka samu yoyo a yi masa alama da alli ko maka, a gama zagayen duka kafin a taɓa komai.

Kafin a hau

Wannan aiki na bayan sallar asuba ne, a sauko kafin ƙarfe tara. Ƙarƙashin kwano a bazara zafi yana iya kaiwa digiri 60 da rana, kuma mutum kan ji jiri ne bayan ƙarfinsa ya riga ya tafi. Mai azumi ya jinkirta aikin. A samu wanda zai tsaya a gindin tsani da ruwan sha, ana magana da shi lokaci-lokaci. Bayan an gama neman yoyo a kashe inji, a kuma sauke dijontar ɗinsa, wato makunnin da ke yanke masa lantarki, kada a dogara da cewa an ɗauke kuran, domin yana iya dawowa hannu na cikin akwati.

Filafon na falange ko na farar ƙasa ba ya ɗaukar nauyin mutum. Idan akwai katakai masu ƙarfi a sama, a shimfiɗa allo a kan guda biyu ko uku a durƙusa a kansa, bayan an ƙwanƙwasa su an tabbata gara ba ta cinye cikinsu ba. A gidajen da aka zuba dal, wato rufin kankare, aka rataye filafon a ƙarƙashinsa ba a shiga sam, daga kan tsani ake aiki ta ƙofar leƙe ko ta ramin tagar iska bayan an kwance ta. A haska tocila sosai kafin a miƙa hannu, saboda kunama da rina. Audugar gilashi tana sa ƙaiƙayi kuma ƙurarta ba ta da kyau ga huhu, saboda haka sai da takunkumi da tabarau da safar hannu da riga mai dogon hannu, kuma bayan aiki a wanke jiki da ruwan sanyi ba tare da cuɗa ba.

Kayan aiki

Wuƙa mai kaifi, filaya mai yanka waya, sukudireba, tsumma, alkol na kantin magani, ƙaramin buroshin fenti, igiyar awo: waɗannan kusan kowane gida yana da su. Inda ake buƙatar natsuwa shi ne sayen maɗauri da abin liƙi.

Maɗauri, wanda ƴan kanti suka sani da kolye, iri biyu ne: na ƙarfe mai noti da ake matsewa da sukudireba, da na roba mai haƙora. Na ƙarfe na fi so, domin ana iya ƙara matse shi bayan shekara, ana kuma iya kwance shi a mayar. Na roba yana aiki idan dogo ne mai faɗi wanda aka yi don tiyon iska, amma ƙananan da ake ɗaure wayoyin lantarki da su, waɗanda wasu kan harhaɗa uku ko huɗu su zagaye wuya, sukan ƙone su karye. Wayar ɗaure rodi tana yanka hanji, robar tayar mota kuma tana tsattsagewa cikin bazara ɗaya ko biyu. Tiyon da aka fi samu faɗinsa milimita 125 ne, ko 160, ko 200, ko 250. Idan ba a rubuta a jiki ba, a zagaye wuyan ƙarfen da zare a auna, a raba da 3.14: zaren santimita 50 yana nufin milimita 160, na santimita 63 yana nufin milimita 200. A tafi kanti da wannan awo a rubuce.

Abin liƙi kuwa ko sikoc ne na alminiyam ko mastik. Sikoc ɗin da ya dace shi ne wanda aka yi don tiyon iska, mai faɗin aƙalla santimita 5, mai danƙo sosai. Idan aka ga an buga UL 181B-FX a jikinsa, to an gwada shi don tiyo mai lanƙwasa. Sikoc ɗin nan toka-toka mai zare a ciki, wanda mutane da yawa suke ɗauka shi ne na wannan aiki, shi ne ya fi saurin sakewa: a shekarar 1998 masu bincike a cibiyar Lawrence Berkeley ta Amurka sun gwada nau'o'in abin liƙe bututu da iska mai zafi da mai sanyi, kuma shi ne ya riƙa faɗuwa, wani lokaci cikin kwanaki kaɗan. Abin da ya kasa a ɗakin gwaji ba zai jure filafon ɗin Yamai ba. Baƙin sikoc na lantarki da mai launin ruwan ƙasa na kwali ba su ma shiga lissafi. Mastik na bututun iska wani kauri ne kamar kunu mai ƙarfi da ake shafawa da buroshi, yana bushewa ya zama kamar fata ba tare da ya tsage ba, kuma ya fi kowane sikoc daɗewa. An fi samunsa wurin masu sayar da kayan kilim. Silikon mai warin tsami ba madadinsa ba ne, yana cin farin ƙarfe.

Haɗa hanji da wuya

Nan ne zuciyar aikin, kuma bin tsari ya fi ƙarfin hannu muhimmanci.

Da farko a cire duk tsohon sikoc da waya, a zare tiyon daga wuyan gaba ɗaya ko da rabinsa ne kawai ya saki, domin ɗora sabon liƙi a kan tsoho ɓarnar kuɗi ce. A naɗe riga da auduga baya kamar yadda ake naɗe hannun riga, kimanin taki ɗaya, har hanji ya fito fili. A duba bakinsa. Idan ya yage ko ya bushe, a ja baya zuwa inda yake da lafiya, a yanke ledar da wuƙa a zagaye, sannan a datse wayar da filaya. Kada a nemi yanka wayar da wuƙa, kuma tsinin da ya rage a lanƙwasa shi ciki, in ba haka ba shi zai huda riga daga baya, ko ya huda yatsa yanzu.

Sai a koma kan wuyan ƙarfen a tsabtace shi. Mutane sukan tsallake wannan mataki, alhali a ƙasarmu shi ne yake raba aikin da zai yi shekaru da wanda zai yi wata biyu. Ƙurar hunturu laushinta kamar garin alkama ne, kuma sikoc ɗin da aka manna a kanta ƙurar ya kama, bai kama ƙarfe ba. A kankare tsohon danƙo, a goge da jiƙaƙƙen tsumma, a bi da alkol, a bari ya bushe sarai. Kada a yi amfani da fetur ko kananzir, suna barin maiƙo, warinsu kuma zai bi iska har ɗaki. Bakin hanjin ma a goge shi ciki da waje.

Tun hanjin bai hau ba a duba gindin wuyan, inda ya haɗu da akwati. Sau da yawa nan ma akwai tsaga. A shafe ta da mastik a zagaye, kuma idan faɗinta ya wuce milimita 3 a fara shimfiɗa siririyar raga irin ta gilashi a kan shafin farko, a sake shafawa a kai, domin mastik shi kaɗai ba ya tsallake babban rami. Idan wuyan yana girgiza, a ƙara masa gajerun sukurori kafin shafi.

Yanzu a zura maɗaurin ƙarfe a jikin hanji a sake, a tura shi baya ya jira. Mai aiki da mastik ya shafa shi a kan wuyan da faɗin kimanin santimita 5, ya haɗa da tudun zoben, da kaurin da ya kusa milimita 2. Sannan a jawo hanjin ya hau wuya har ya wuce tudun da aƙalla santimita 2.5, wato zagaye biyu ko uku na wayar su tsallake tudun. Idan ya cije, a murza shi a hankali ana turawa, kada a fizga. Mai aiki da sikoc kuma ya fara hawar da hanjin a kan busasshen wuya, sannan ya naɗa sikoc aƙalla zagaye biyu, rabin faɗinsa a kan hanji rabi a kan ƙarfe. Tiyon 200 yana cin kusan santimita 130 na sikoc a wannan naɗi biyu, don haka a yanko isasshe tun farko, kada a yi ta jona guntaye. Bayan naɗi a bi shi da bayan cokali ko tsohon katin roba ana dannawa har sai zanen wayar ya fito ta jikinsa, domin danƙonsa da matsi yake kamawa, shafawa da tafin hannu ba ta isa ba.

Sai a jawo maɗaurin a daidaita shi bayan tudun zoben, ta ɓangaren akwati, a kan hanji da sikoc. Wurin da ya zauna shi ne komai: idan yana gaban tudu, tiyon zai saɓule da shi da maɗaurin tare, idan yana bayan tudu kuwa tudun ne zai tare shi. A matse har ya daina motsi, amma kada a kai ga lotsa wuyan. A gwada da ja mai ɗan ƙarfi da hannu biyu. Wanda ya motsa a hannu zai faɗi a bazara. Idan wuyan sumul ne ba shi da tudu, ko ya gaza santimita 5 tsawo, ya fi kyau a kwance shi a kai wa masu aikin tol, wato falle-fallen ƙarfe, irin waɗanda ke kasuwar Katako, su fitar masa da tudu ko su buga sabo da farin ƙarfe. Tiyon da aka yi da alminiyam zalla mai ɗan tauri shi kaɗai ne ake kafewa da sukurori uku a rarrabe daidai a zagaye kafin liƙi. Hanjin leda ba a huda shi da sukuri.

Daga nan a mayar da audugar ta rufe mahaɗin har ta taɓa jikin akwati, kada a bar ko faɗin yatsa na ƙarfe a fili. Idan ta gaza, a yanko daga ragowar tiyo a cike. A jawo riga a kanta, a tura bakin audugar ƙarƙashin rigar, a naɗe da sikoc zagaye biyu ya kama jikin akwati ko gindin wuya. Ana iya ƙara maɗauri na biyu a kan rigar, amma a sassauta masa, domin audugar da aka matse ta zama kamar takarda ba ta hana zafi. Ɗaurin ciki shi ne mai ɗaukar nauyi, na waje rufi kawai yake riƙewa.

Idan tsakiyar tiyon ce ta lalace

Yagewar riga kaɗai abu ne mai sauƙi: a goge, a haɗa bakunan, a liƙe da sikoc ya wuce yagewar da yatsa uku ta kowane gefe. Amma idan ɓera ya ci har hanji, faci daga waje ba ya aiki, domin iska za ta ci gaba da zuba cikin audugar tana kumbura rigar. A yanke ɓangaren da ya lalace gaba ɗaya, a samo guntun bututun farin ƙarfe mai faɗi ɗaya da tiyon, tsawonsa aƙalla santimita 10, mai tudu a kowane ƙarshe, a hawar da hanji biyun a kansa har su haɗu a tsakiya. Kowane ɓangare a yi masa abin da aka yi wa wuya: liƙi, maɗauri bayan tudu, sannan auduga ta haɗu da auduga, riga ta hau kan riga da ɗan taki, a naɗe. Cusa hanji ɗaya cikin ɗaya ba tare da ƙarfe a tsakani ba ba haɗi ba ne, babu abin da maɗauri zai matse a kai. Tunda sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, a nemi ramin da ɓeran ya bi ya hau filafon a toshe shi da siminti ko ragar ƙarfe.

Akwai tiyon da bai cancanci gyara ba. Idan hanjin yana farfashewa da an taɓa shi, ko audugar ta jiƙe ta yi baƙi da wari, ko fitsarin ɓera ya ratsa ta, a cire shi duka a sa sabo, domin iskar da iyali suke shaƙa ta nan take bi.

Rataya

Mahaɗin da aka gyara zai sake saki idan nauyin tiyon yana rataye a wuyansa, kuma abin da ya faru a ɗakin mahaifiyata ke nan: mita huɗu na tiyo ba abin da ya tallafe shi. A rataye shi da maɗauri mai faɗin aƙalla santimita 4, kamar ɗamarar buhu mai ƙarfi ko yankin tol da aka lanƙwashe bakinsa, a tazarar da ba ta wuce mita 1.2 ba, a sa ɗaya kusa da kowane mahaɗi. Siririyar waya ko igiya tana shaƙe tiyon ta rage masa faɗi. Lotsawar da ke tsakanin rataya biyu kada ta wuce santimita 4 a kowace mita. A miƙe hanjin sosai, domin wanda aka bari a takure cikinsa ya zama tudu da kwari, kuma takurewar kashi 15 cikin ɗari kawai tana iya ninka wahalar da iska ke sha wajen wucewa. Ragowar tsawo a yanke shi, kada a naɗe shi a ajiye. Kwana kuma a yi ta a buɗe, kada lanƙwasar ta fi faɗin tiyon tsanani, kuma a bar shi ya fito a miƙe na ɗan taki daga wuya kafin ya juya. Kada ya jingina da kwanon rufi ko ya kwanta a kan fitila.

Na'urar sanyaya iska da ruwa tana huro iska mai laima, don haka wayar hanji da maɗauri sukan yi tsatsa, gishirin ruwa kuma ya taru a wuya. A kankare shi kafin liƙi, a zaɓi maɗaurin da ba ya tsatsa, ɓangaren da ke waje cikin rana kuma a yi masa rumfa ko a sa bututun tol. Tiyon ƙaramin kilim mai taya zafi yake fitarwa, yoyonsa yana dawo da zafin cikin ɗaki. Murza shi ake a bakinsa kamar noti, wani dama wani hagu, saboda haka a lura da wannan wajen sayen sabo, kada kuma a ƙara masa tsawo fiye da yadda ya zo, a toshe gefen tagar da ya bi da falange da soso. Ko da wasa kada a ja hayaƙin janareta ko na murhun gas da irin wannan tiyo.

Gwaji

Idan an yi aiki da mastik a ba shi lokacin da aka rubuta a jikin gwangwani, galibi kwana ɗaya, kafin a kunna inji. Washegari da asuba a wanke matatar iska, a kunna, a bar shi minti 15, a sake bin kowane mahaɗi da jiƙaƙƙen bayan hannu da zare. Rigar da ta kumbura kamar balan-balan tana nuna hanji na yoyo a ciki, sai an buɗe an sake. Mai ma'aunin zafi ya auna iskar da ke shiga inji da wadda ke fitowa a kowane ɗaki: bambancin digiri 8 zuwa 12 shi ne abin da aka saba gani, kuma ɗakunan su yi kusa da juna. Idan duk tagogin sun yi rauni tare bayan an liƙe komai, to lokacin kiran mai gyaran kilim ya yi, domin gaz da lantarkin inji ba aikin mai gida ba ne.

A rubuta ranar gyara da maka a jikin rigar kusa da mahaɗi. A sake leƙawa sau biyu a shekara: ƙarshen Fabrairu, bayan ƙurar hunturu ta lafa kuma kafin zafi ya kankama, a ƙara matse noti da rabin juyi idan ya sassauta, sai kuma tsakiyar Agusta, a shafa gindin kowane wuya da busasshen yatsa inji yana aiki. Inda yatsa ya dawo da laima, akwai ƙarfen da auduga ba ta rufe ba ko rigar da ta buɗe, a cike wurin a sake naɗewa tun ruwan bai sauko kan filafon ba.